Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Baje Kolin Ɗaliban Ajin Ƙarshe na Sashen Zane da Sassaƙa

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Shugabannin makaranta, malamai, iyaye da ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin malaman wannan sashe, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Kafin ka shiga zauren, ka ba mu dama mu yi maka bayanin yadda aka kai ga ayyukan da za ka gani.

A shekarun farko malami ne ke yanka wa ɗalibi aiki: zana wannan, kawo ranar kaza. A ajin ƙarshe sai a sakar masa mara. Shi zai rubuta takardar ƙuduri, shafi ɗaya ko biyu, ya faɗi abin da yake bincike a kai, kayan da zai yi aiki da su, da yawan ayyukan da girmansu. Lokaci-lokaci ana zaman tsokaci, inda abokan karatu ke faɗin abin da suka gani kafin mai aikin ya buɗe baki. Ɗalibin da ya fi shan wuya shi ne wanda ya zauna jiran ilhama har wata biyu suka rage, domin kayan aiki ba sa karɓar gaggawa.

Mai fentin mai sai ya ɗaure kyalle a firam, yana farawa daga tsakiyar kowane gefe yana tafiya zuwa kusurwa, in ba haka ba kyallen ya yi tamoji. Sannan ya shafa farin share fage, wato jeso, sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe a goge shi da sanfefa mai laushi. In aka tsallake wannan, man fentin zai ratsa zaren ya ruɓar da shi a hankali. Shafin farko na fenti a sirka shi, ya zama mai ƙarancin mai, na sama kuma a ƙara masa mai. Wanda ya juya wannan tsari zai ga zanensa ya tsattsage, saboda na sama ya bushe ya ƙage alhali na ƙasa yana motsi. Banish na ƙarshe, wato shafin da ke sa zane sheƙi, sai bayan wata shida zuwa shekara, shi ya sa za ka ga wasu zanukan ba su da sheƙi tukuna. Da gangan ne.

Masu yumɓu nasu ya fi tsanani. Duk sassaƙen da kaurinsa ya wuce santimita biyu da rabi sai an rarake cikinsa, an huda masa mafitar iska, an bar shi ya bushe ƙarau. Damshin da ya rage yana zama tururi a digiri 100 na ma'aunin Celsius ya fasa aikin, har ya haɗa da na maƙwabta a cikin tanderun. A wajen digiri 573 ma sai an bi a hankali, wajen hawa da wajen sauka, kafin gashin farko ya kai kusan digiri 1000.

Ranka ya daɗe, bayan kammalawa babu mai buɗe musu ɗaki da safe. Saboda haka muke tilasta musu abubuwan da ba sa so. Kowane aiki a ɗauki hotonsa da fitila biyu, dama da hagu, kowace a karkace digiri 45 don kada fentin ya yi walƙiya, a rubuta sunansa, shekara, kayan da aka yi shi da su, da awonsa, tsayi kafin faɗi. A rubuta lissafin kaya da awannin da aiki ya ci kafin a yanka masa kuɗi. Kada aiki ya tafi gidan baje koli sai da yarjejeniya a rubuce, domin da yawa daga cikin irin waɗannan gidajen rabin kuɗin cinikin suke ɗauka. Ɗakin aiki ya zama mai shan iska, tsummokaran da suka jiƙe da man linsid, wato man da ake haɗa fenti da shi, kuma a jefa su cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi, don in aka tara su wuri ɗaya suna iya kamawa da wuta da kansu.

Kokenmu ɗaya ne. Mai zane zai iya farawa a kusurwar ɗaki, amma mai yumɓu da mai buga hoto a takarda ba su da yadda za su yi sai da tanderu da injin matsi, kuma ɗalibin da bai daɗe da gama karatu ba ba ya iya mallakar su shi kaɗai. Muna roƙon ka taimaka a samar da ɗakin aiki na haɗin gwiwa, inda waɗanda suka gama za su ci gaba da aiki na shekara guda kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Kowane ɗalibi yana tsaye kusa da aikinsa, littafin gwaje-gwajensa a buɗe. Ka tambaye su duk abin da ka ga dama. Allah ya ja zamaninka, bismillah, mu shiga.