Kotisol da ɓerayen Bruce McEwen

[Hoto: bidiyoyin TikTok suna wucewa da sauri]

Kwanan nan duk inda ka leƙa, kotisol ake zagi, wato homon ɗin damuwa, sinadarin da jiki ke saki cikin jini. Fuska ta kumbura, kotisol. Tumbi ya fito, kotisol. Har da masu tallar shayin da wai zai wanke shi daga jiki. Jama'a, a yi hattara. Wanda jikinsa ya daina yin kotisol, in bai samu magani ba, rai ne zai tafi. Cutar Addison ke nan.

[Hoto: zanen mutum, kare a bayansa]

Ga yadda abin yake a gurguje. Kare ya biyo ka. Wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, sai ya aika saƙo ga fituwitari, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita kuma ta taɓo wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula. Su ke sakin kotisol cikin jini, sukari ya ƙaru, ƙafa ta samu ƙarfin gudu. Ko babu kare ma, kullum da safe yana hawa, da dare ya sauka.

Masu bidiyo a nan suke ajiye magana. Saura mataki ɗaya, kuma shi ya kawo mu.

[Tsohon hoto: ɗakin bincike, Jami'ar Rockefeller, birnin New York]

Shekarar 1968. Wani matashi ɗan shekara 30, Bruce McEwen, da abokan aikinsa biyu suka samo ɓeraye, suka yi musu allurar irin kotisol ɗin ɓera, bayan sun sa masa alamar da na'ura za ta iya bin sawunta. Tambayar ɗaya ce: ina zai je ya zauna? A lokacin, masana sun ɗauka in ma homon ya komo kai, iyakarsa haifotalamas. Sai ga shi ya taru a hifokamfas, sashen da ke aikin koyo da riƙe abu a ka.

[Hoto: tankin ruwa a kan gini, yaro yana leƙawa]

Ku dubi tankin nan. An kunna injin burtsatse, ruwa na hawa. Aka ɗora yaro a sama, aikinsa in ya ga ya cika ya ƙwala kira: "A kashe!" To, hifokamfas yana cikin masu wannan kira. Kotisol yana komawa ƙwaƙwalwa, ta ɗanɗana yawansa, ta ce ya isa. Ashe ɗan aiken da aka tura, shi ne kuma mai dawowa ya ce a rufe ƙofa.

Yanzu a bar yaron nan a rana, yau da gobe, babu hutu. Murya za ta dushe. Abin da ɗakin binciken McEwen ya nuna ke nan daga baya: ɓerayen da aka takura sa'o'i 6 kullum har kwana 21, rassan jijiyoyin hifokamfas ɗinsu sun ƙanƙance. Abin da ya fi faranta mini rai a duk labarin nan, da aka ɗauke takurar, rassan sun sake tohowa.

Saboda haka yawan kotisol na sa'a guda ba shi ne abin tsoro ba. Injin da aka kasa kashewa shi ne. Bashi, rashin barci, zaman ɗar-ɗar na wata da watanni. A 1993 McEwen da Eliot Stellar suka raɗa wa wannan hali suna "allostatic load" da Turanci, ma'anarsa kayan da jiki ke tarawa garin ƙoƙarin daidaita kansa, har ya koma hawan jini ko ciwon sukari.

[Hotunan ɗalibai, ɗaya bayan ɗaya]

Malami kuwa, da almajiransa ake gane shi. Robert Sapolsky ya shafe shekaru da dama yana bin gwaggon biri a dajin Kenya, ya ga na ƙasa, masu shan duka, sun fi zama da homon ɗin damuwa a jini. Catherine Woolley da Elizabeth Gould suka nuna a 1990 cewa homon ɗin mata yana sauya mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera cikin 'yan kwanaki. McEwen ya rasu ranar 2 ga Janairu, 2020.

[Hoto: kantin kemis, ƙwayoyi a leda]

Kafin mu rufe, 'yan uwana mata, ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai deksametason a ciki, kotisol ne na kamfani mai ƙarfin gaske. Jiki yana ganinsa ya ɗauka tanki ya cika, sai ya kashe nasa injin. In kin daɗe kina sha, don Allah kada ki yanke rana ɗaya, jiki zai wayi gari babu na waje babu na gida. Ki je asibiti da kwalin a hannu, likita ya riƙa rage miki kaɗan-kaɗan.