Me ya sa kek ɗin biki yake gumi?

Kun taɓa ganin hoton wani kek ɗin biki kun dubi gefensa da kyau? Kun ga yadda jan furen ya zubo a kan farin, kamar kwalliyar amarya bayan kukan barin gida? Duk lokacin da irin wannan hoton ya fito sai a yi wa mai yin kek ca, wai ta yi algus. Ni kam ban ga laifinta ba. Kek ɗin nan gumi ya yi, kuma masu tattalinsa ne suka jawo masa.

Maganar zaɓen irin kek ba ta da tsawo. A Kaduna, watan Maris da Afrilu zafin rana kan wuce digiri 35, bota kuwa tun daga wajen digiri 32 take fara narkewa. To idan ƙarƙashin rumfa za a yi taro, a manta da aisin ɗin bota, wato haɗin bota da sukari da ake shafe kek da shi, balle kirim ɗin nan mai laushi da ake bugawa. Fondan ya fi juriya, wato wannan shimfiɗar sukarin da kuke gani ana murzawa kamar kwaɓin cincin. Ku gaya wa mai yin kek wurin taro da lokaci, lokacin gaskiya fa, ba wanda aka buga a kati ba.

Yanzu ga inda ake yin kuskuren. An karɓo kek, uwar biki ta ce, "Maza a saka a firji kada ya lalace." Ya kwana ya yi sanyi ƙalau, sai a ciro shi kai tsaye zuwa kan tebur.

Ga fiya wata na ciro daga firji. Ko minti biyu ba a yi ba, ku ga yadda ledar ta jiƙe. Ledar ba ta huje ba. Danshin da ke cikin iska ne yake taruwa a kan duk abin da ya fi shi sanyi sosai. Haka yake taruwa a jikin kek, sai dai shi fondan sukari ne, ruwa na taɓa shi ya fara danƙo, kala ta biyo ruwan ta gangaro. Abin ya fi muni daga Afrilu, lokacin da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi. Da hunturu da wuya ku ga haka.

Maganin, kwali. A saka kek a kwali, a rufe ruf, a liƙe bakin kafin ya shiga firji. Idan an ciro, kada a buɗe. A ajiye shi a ɗaki mai esi kamar awa biyu, babba ma ya fi haka, sanyin ya sauka a hankali, danshin ya ƙare a jikin kwalin. Na san akwai gwaggon da za ta ce a buɗe mata ta gani. A ba ta haƙuri, a nuna mata hoto a waya.

Idan kuma an riga an buɗe ya fara ƙyalli, a cire hannu. Kada a goge da tishu ko tsumma, nan take shatin yatsa zai zauna. A kunna fanka daga ɗan nesa, zai bushe da kansa.

Sauran kuma hanya ce. Ban da but ɗin mota, ban da cinyar ƙawar amarya. A daɓen mota ake ajiye shi, inda yake a miƙe, an kunna esi tun kafin a ɗauko. Daga Barnawa zuwa Kawo, idan aka haɗu da cunkoso da rana tsaka, mota sai ta koma tanda. Mai hawa uku ko huɗu a kai shi a rarrabe, a haɗa a can.

A zauren taro a nisanta shi da taga da fitilun masu ɗaukar hoto. A tambayi masu wurin ko janaretonsu na ɗaukar esi idan an ɗauke wuta. Dina kuwa da aka ce ƙarfe 7, kowa ya san sai 9 ango da amarya za su shigo, don haka kek ya zauna a kwalinsa sai an ji motocinsu sun iso bakin ƙofa.