Dorinar Yauri da danginta na cikin teku

Aisha: Jama'a barkanmu da warhaka, daga Yauri muke. Malam Sani, wane ƙashi ne wannan ka ajiye mana kan tebur?

Malam Sani: Na idon sawun rago ne, wajen mahauci na karɓo. Juya shi ki gani. Sama da ƙasa duk akwai kwarmi, kamar inda igiya ke bi a gargaren rijiya. Tumaki da shanu da dorina duk suna da irinsa. To a 2001 aka sanar da an tono irinsa a Pakistan, a ƙafar kakannin wel, ƙaton nan na teku da ake ce wa kifi.

Bello: Tsaya Malam. Ni ɗan masunta ne, ban taɓa jawo kifi mai ƙafa ba.

Malam Sani: Ai ba kifi ba ne, Bello. Iska yake shaƙa, uwar kuma nono take ba ɗanta. Kifi gefe da gefe yake kaɗa wutsiya, shi kuwa sama da ƙasa.

Aisha: To da ƙafa huɗu, me ya nuna wel ne?

Malam Sani: Kunne! Pakicetus, ɗaya daga cikin kakannin nan na wel, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, in kin gan shi sai ki ce kare ne. Amma ƙashin kunnensa na da wani kauri irin na wel. Bayansa sai Ambulocetus, mai tsawon kusan mita 3, da faffaɗan tafin ƙafa na iyo. Wanda ya fi ba ni dariya Basilosaurus ne na Wadi al-Hitan a Masar: jiki ya haura mita 15, ƙafar baya ba ta kai mita ɗaya ba.

Bello: Kamar a ɗaura wa kwalekwale cokali a ce filafili ne.

Aisha: Mu nan Najeriya fa, ba mu da rabo?

Malam Sani: Muna da shi. An samu muƙamuƙin wani kakan wel a Ameke, can kudu, aka raɗa masa Pappocetus lugardi a 1920. Sunan Lugga ke nan, gwamnan Turawa.

Bello: Har ƙashin ma sai da suka sa masa sunansu! To Malam, dorinar da ke hana mu jefa taru da asuba fa?

Malam Sani: Cikin dabbobin da ke raye, ita ta fi kusa da wel.

Bello: Ka zo ka faɗa wa Baba da bakinka, ni ba zan iya ba.