Fom ɗin shiga a shafin farko na manhaja

Bashir: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau batun fom ɗin shiga za mu taɓo, wato guraben nan biyu na suna da kalmar sirri. A dasa shi a shafin farko, ko a ware masa shafinsa daban? Malama Zainab, ke da kika daɗe a harkar, me kika gani?

Zainab: Ni ina bayan a sa shi, Malam Bashir, muddin yawancin masu zuwa suna da asusu. Dubi Facebook, kana buɗewa fom ɗin ne ke tarbarka. Mutum ya zo duba saƙonsa, don me za a sa shi yawon danne-danne? Sai dai daga ranar da ka ɗora fom a wurin, duk tsaron da ake yi wa shafin shiga ya hau kan shafin farko.

Bashir: A da ai wasu kan bar shafin a HTTP, wato hanyar da ba ta kulle bayanai, su ce tunda fom ɗin yana aikawa zuwa adireshin HTTPS mai kulle su, magana ta ƙare.

Zainab: Wannan dabarar tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shafin da ya taho ba a kulle ba, duk wanda ke tsakaninka da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ko da mai waifai ɗin da ka hau ne, zai iya sauya inda fom zai aika tun kafin ya iso allonka. Kai kana ganin fom ɗin da ka saba, kalmar sirrinka kuwa ta tafi hannun wani. Shi ya sa a Janairun 2017 manhajojin buɗe shafukan intanet Chrome 56 da Firefox 51 suka fara nuna alamar rashin tsaro ga shafin HTTP mai gurbin kalmar sirri. Ga Let's Encrypt yana ba da takardar shaidar da ake buƙata don HTTPS kyauta, to wane uzuri ya rage?

Bashir: Ni kuwa ba nan na yi tuntuɓe ba. Akwai lambar shaida da sabar ke ɓoyewa cikin fom, kowane baƙo da tasa, don hana wani shafi aika buƙata da sunanka, harin da ake kira CSRF. To na taɓa sa sabar ta riƙa ajiye kwafin shafin farko don ya yi saurin buɗewa. Ashe kwafin ya tafi da lambar mutum ɗaya, ana raba wa kowa ita. Da safe na tarar da saƙonni: an rubuta kalmar sirri daidai, allo ya ce 403, wato sabar ta ƙi karɓar buƙatar. Ni kuma a kwamfutata lafiya lau nake shiga. Sai da na buɗe lambobin shafin a wayoyi biyu, na jera su, na ga lamba iri ɗaya sak.

Zainab: Allah sarki. Ya ka yi?

Bashir: Na bar sauran shafin a ma'ajiya, lambar kuma JavaScript, umarnin da ke aiki a cikin shafin, ke karɓo sabuwa duk sanda aka buɗe.

Zainab: Madalla. Wasu don gudun wannan sai su cusa shafin shiga cikin iframe, wato tagar da ke nuna wani shafi a cikin wani. Ban so. Mai amfani ba ya ganin adireshin da yake miƙa wa sirrinsa, kuma idan fom ɗin daga wani adireshin intanet daban yake, Safari, manhajar buɗe shafuka ta Apple, ta toshe kukis ɗin irin wannan adireshi, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don tuna mai amfani, gaba ɗaya tun Maris 2020. Sai mutum ya shiga, manhaja ta manta shi nan take.

Bashir: To idan ya yi kuskuren kalmar sirri fa?

Zainab: Nan ne cikakken shafin shiga ke da amfani, don haka kada a goge shi. A kai shi can, inda akwai filin bayani da hanyar sabunta kalmar sirri. Saƙon kuma ya zama guda: suna ko kalmar sirri ba daidai ba. In ka ce masa sunan daidai ne, kalmar ce kuskure, ka tabbatar wa ɓarawo cewa asusun yana nan.