Darasin Yau: Sunayen Zamunnan Ƙasa da Tsofaffin Masu Jan Ciki, da Turanci da Faransanci

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ɗalibai, a jawo littafi da biro kusa, domin yau akwai rubutu. Na san cikinku akwai masu karatu da Turanci a Kano da Sakkwato, akwai masu karatu da Faransanci a Maraɗi da Damagaram, to darasin nan naku ne baki ɗaya. Za mu yi magana a kan kalmomin da masana duwatsu ke auna shekarun ƙasa da su, sannan mu gangaro kan dabbobi masu jan ciki na farko waɗanda aka tono ƙasusuwansu.

Bari in fara da lissafi, don a nan ake yawan zamewa. Masana sun kiyasta shekarun duniya kusan biliyan 4 da miliyan 540. Bature na Ingila zai ce billion, wato miliyan dubu. Bafaranshe kuwa ba ya cewa haka, milliard yake cewa. In ka ga kalmar billion a littafin Faransanci, to ba biliyan ɗinmu ba ce, miliyan sau miliyan ake nufi. Don Allah a ja layi a ƙarƙashin wannan. Akwai kuma wata 'yar alama da harsunan biyu suka yi tarayya a kanta, babban M da ƙaramin a, wato Ma. In ka ga 252 Ma, ka karanta shekara miliyan 252.

To, wannan dogon lokaci yanka shi aka yi gunduwa-gunduwa. Mafi girma shi ne eon, Faransanci éon. A cikinsa akwai era, su ce ère. A cikin wannan akwai period, su ce période, sai epoch, su ce époque. Kun ji kusan abu ɗaya ne, lafazi ne kawai ya bambanta, don haka ba zan daɗe a nan ba.

Inda nake so mu zauna shi ne wannan. Lokaci daban, dutsen da ya kwanta a lokacin daban. Ku ɗauki akwatin kayan tsohuwa: zanen da ke can ƙasa shi aka fara sawa, na sama shi ne na baya-bayan nan. Haka duwatsu suke kwanciya, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Saboda haka Turanci yana da kalmomi kashi biyu. In lokaci ake magana, sai a ce Early da Late, na farko da na ƙarshe. In dutsen ake nufi, sai a ce Lower da Upper, na ƙasa da na sama. Littattafan Faransanci kuwa galibi inférieur da supérieur za ka gani ko'ina. To ɗan Nijar, in ka ga Late Permian, kada ka je neman kalmar makara ko jinkiri, Permien supérieur ɗinka ne. Ɗan Najeriya kuma, in ka ga inférieur, ba ƙasƙanci ake nufi ba, na ƙasa ne, wato wanda ya fi tsufa. Ni kalmar Faransancin da ta fi burge ni a nan ita ce étage, wadda Turanci ke kira stage. Étage fa shi ne hawan bene. Ƙasar nan da muke takawa bene ce mai hawa-hawa, kowane hawa da mazaunansa.

Manyan zamunna uku na baya-bayan nan su ne Paleozoic, Mesozoic da Cenozoic. Faransanci ya ce Paléozoïque, Mésozoïque, Cénozoïque. Asalinsu Girkanci ne: tsohuwar rayuwa, rayuwar tsakiya, sabuwar rayuwa. Amma tsofaffin littattafan Faransanci, irin waɗanda har yanzu ke hannun wasu malamai, suna cewa ère primaire da ère secondaire. Primaire shi ne Paléozoïque, secondaire shi ne Mésozoïque, ba makarantar firamare da sakandare ba.

Yanzu ga abin da nake so ya shiga ranku. Sunayen period ɗin nan masu kama da surkulle da yawansu sunayen wurare ne kawai. Cambrian, ko Cambrien, daga Cambria yake, sunan yankin Wales da Latinanci. Devonian, ko Dévonien, daga Devon ta Ingila. Permian, ko Permien, daga Perm ta Rasha, Roderick Murchison ne ya raɗa shi a 1841. Jurassic, ko Jurassique, daga duwatsun Jura da ke tsakanin Faransa da Suwizalan. Kun lura wutsiyar kalmar ce ke sauyawa? Inda Turanci ya ƙare da i, a, n, Faransanci zai ƙare da i, e, n.

Uku ne suka ƙi bin wannan layi, su za a haddace. Triassic a Faransanci Trias ne kurum, kuma sunan ya zo ne daga shimfiɗu uku na dutse da aka gani a Jamus. Cretaceous shi ne Crétacé, daga kalmar Latinanci mai nufin alli. Carboniferous kuma Carbonifère, ma'anarsa mai ɗauke da kwal, daga kusan shekara miliyan 359 zuwa 299 da suka wuce. Kwal ɗin da ake haƙa a Anu Araren, kusa da Agadas, na wannan zamani ne. Amma kada sunan ya ruɗe ku ku ce duk kwal na Carbonifère ne, domin na Inugu na zamanin Crétacé ne, ƙane ne can nesa.

A wannan zamani na kwal ne masu jan ciki suka fara bayyana. Kalmar reptile rubutunta ɗaya ne a harsunan biyu. Me ya raba su da kwaɗo? Ƙwai. Kwaɗo dole ya koma ruwa ya zuba ƙwansa, shi ya sa ba ka jin kukansa sai damina ta sauka. Ƙadangare kuwa ƙwansa yana da ruwansa a ciki, a cikin wata tantani da ake kira amnion da Turanci, amnios da Faransanci. Duk dabbar da ɗanta ke girma cikin wannan tantani ana ce mata amniote, a harsunan biyu.

Ɗaya daga cikin mafiya tsufa da aka sani shi ne Hylonomus. An same shi a Joggins, a gaɓar teku a Nova Scotia ta Kanada, kuma shekarunsa sun haura miliyan 310. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 20, kamar ƙadangaren bango. Abin da ke taɓa ni game da shi shi ne inda aka tarar da ƙasusuwansa: a cikin kogon kututturen itatuwan da suka zama dutse suna tsaye. William Dawson ne ya ba shi suna, ya ƙara masa lyelli don girmama masanin duwatsu Charles Lyell. Wannan suna mai kalma biyu ba ya sauyawa, ko a Yamai kake ko a Zariya.

To yaya ake rarrabe su, alhali ba fata ba nama, sai ƙashi? Ƙoƙon kai ake dubawa. Kowa ya ɗora yatsa a gefen kansa, bayan ido. A nan ake ƙirga kafofi. Turanci ya ce temporal fenestra, Faransanci ya ce fosse temporale ko fenêtre temporale, kuma fenêtre ai taga ce. Wanda ba shi da taga shi ne anapsid. Mai taga ɗaya synapsid. Mai biyu diapsid, nan ne kada da damo da maciji da dainoso da tsuntsaye suke. Faransanci e kawai yake ƙarawa a ƙarshe. Sai a yi hattara da Dimetrodon, mai wani abu kamar filafilan jirgin ruwa a gadon baya. Ana yawan cusa shi cikin dainoso a kayan wasan yara, kuma kuskure ne. Mai taga ɗaya ne, ya fi kusa da dabbobi masu shayarwa, kuma ya ƙare shekaru miliyoyi kafin dainoso na farko. Tsofaffin littattafai suna ce wa irinsa mammal-like reptile, ko reptile mammalien, amma masana sun bar wannan suna.

Ga wasu tagwaye da harufa biyu suka raba: Mesosaurus da Mosasaurus. Wutsiyar saurus Girkanci ce, ƙadangare, Faransanci ya mai da ita saure. Mesosaurus mai e ɗan ƙaramin mai iyo ne na farkon Permien. An samu ƙasusuwansa a kudancin Afirka da kuma Barazil, kuma yana cikin hujjojin Alfred Wegener cewa nahiyoyin biyu a haɗe suke a da. Mosasaurus mai o kuwa ƙaton teku ne na ƙarshen Crétacé, sunansa daga kogin Meuse da ya ratsa Maastricht ta Holan. Tsakaninsu akwai shekara wajen miliyan 200.

Kuma wannan mai o ɗin yana da ɗan'uwa a gida. Sunansa Goronyosaurus nigeriensis. Ku sake saurare: Goronyo. Goronyon Sakkwato, domin a wancan zamani teku ce ta rufe yankin. A arewacin Nijar kuma, a yankin Arlit, akwai shimfiɗar duwatsun Permien da ake kira Moradi, da o, ba Maraɗi ba. Can aka tono Moradisaurus, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1969, mai haƙora jeri-jeri na tauna ganye. Can kuma aka samu Bunostegos akokanensis, mai girman saniya, mai ƙulli-ƙulli a kai, sunansa na biyu daga Akokan da ke gefen Arlit. Wutsiyar ensis tana nufin ɗan wuri kaza, kamar yadda muke cewa Bakano ko Ba'adare. Waɗannan biyu sun rayu ne kafin babbar halakar ƙarshen Permien, shekara miliyan 252 da suka wuce, wadda Turanci ke kira mass extinction, Faransanci extinction de masse. Yana damuna ƙwarai a ce yaro ya tashi a Arlit ya haddace Jura da Devon, ba a taɓa gaya masa sunan unguwarsu yana cikin littafin ba.

Ga aikin gida. Ku rubuta Carbonifère, Permien, Trias, Jurassique, Crétacé a jere daga ƙasa zuwa sama, kamar hawan bene, ku sa na Turanci a gefen kowanne. Sannan ku ajiye Hylonomus da Bunostegos da Goronyosaurus, kowa a hawansa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga Gadufawa, gabas da Agadas, mu ga kadan nan Sarcosuchus. A huta lafiya.