Madubin bindiga mai sauƙin kuɗi: wanne ya dace da filin horo?

Lawali: Barkanmu da yamma daga Maradi. Masu horar da jandarmomi da 'yan sanda sun dame mu da tambaya ɗaya: kuɗin da ofis ya ware kaɗan ne, wane madubi za a sayo wa masu koyon harbin saiti? Shef, bismilla.

Shef Sani: Abin da ke fara ruɗin mutane lambar kusantowa ce. Da sun ga 6-24, wato mai kusanto da abu sau 6 zuwa 24, sai su ce ga babba. Alhali harbin ɗan sanda galibi bai kai mita 100 ba, 3-12 ko 4-16 ya wadatar. Ka buɗe madubi zuwa 24 da tsakar ranar Afrilu, tururin ƙasa kawai za ka gani, allon saiti na ta rawa.

Rabi: To kuɗin ina za a zuba su, Shef?

Shef Sani: A maɓallan gyara saiti. Mu da mita muke awo, don haka a ɗauki mai mil, ma'aunin kusurwa da ke tafiya da mita: danna ɗaya, 0.1 mil, santimita 1 ne a mita 100. Mai rubu'in MOA, ɗaya ma'aunin kusurwar, kusan milimita 7 ne, ɗalibi ya tsaya lissafi ana jiransa. Kuma layukan awon ciki su zama mil, maɓalli ma mil. Masu arha da yawa suna gauraya su.

Rabi: A nemi mai FFP kuma. Layukansa na girma tare da hoto, awo bai canzawa. Mai SFP, wanda layukansa ba sa girma, a lambar kusantowa ɗaya kaɗai yake daidai, yawanci ta ƙarshe.

Shef Sani: Haka ne. Vortex Diamondback Tactical 4-16x44 FFP ne, bututu milimita 30. Ko a ɗauki SWFA 10x42 da ba ya sauya kusantowa, kayan lalacewa a cikinsa kaɗan ne. Amma kowanne aka kawo, a gwada kafin a sa hannu a takardar karɓa. Allo a mita 100, harsashi uku. Danna 20 sama, uku. 20 dama, uku. 20 ƙasa, uku. 20 hagu, uku. Na ƙarshe su faɗa kan na farko, tsakanin kowane rukuni santimita 20. In bai dawo ba, a mayar wa mai kwangila.

Lawali: Ƙurar hunturu fa? Wasu da bakin rawani suke goge gilashin.

Rabi: Rawanin da aka riƙe butar shayi da shi!

Lawali: Ranki ya daɗe, shayi bai taɓa ɓata gilashi ba.

Rabi: Na farko ko na uku? Na uku sukari zalla ne, ya manne.

Shef Sani: Na Lawali ko na farkon ma zuma ne.

Lawali: Ai ku kuke shanyewa, ni nake hura gawayi.

Rabi: To ka hura gilashin haka nan, amma da 'yar robar hura iska, ba da baki ba. Sai burushi mai laushi, sannan ƙyalle. Yashi kan kankare rufin gilashi.

Shef Sani: Sai zobban riƙewa, nan ake tsumulmular da ke kashe madubi mai kyau. Zobe ya dace da bututu, 30 da 30. Sukurorin sama a matse su kusan Nm 2, wato awon ƙarfin matsi, da makulli mai awo. Ka matse fiye da haka, bututu ya lotsa, maɓallin gefe ya cije. In bindigar Dragunov ce, layin ɗorawarta a gefe yake, na madubinta PSO-1 4x24, ba layin saman bindiga da ake kira Picatinny ba, sai an haɗa da mazauni na musamman a lissafin kuɗi. Tazarar ido da gilashi kuma kamar santimita 9.

Lawali: Shef, lokaci ya tafi, ba mu taɓa faralas ba, wato yawon da layin saiti ke yi kan allo in ido ya motsa.

Shef Sani: Maɓallin gefe da ke gyara shi ya zama yana saukowa har mita 25 ko ƙasa. Ka motsa kai, in layi ya yi yawo kan allo, murɗa maɓallin gefe.

Lawali: Sauran sai mako mai zuwa. Rabi, miƙo kofin.