Mangazar da ta zo a bayan mota

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram da kewaye. Kun taɓa wucewa ta wani fili babu komi sai yashi da awaki, bayan 'yan makonni ku dawo ku tarar da ƙatuwar mangaza tsaye harda ƙofa? To ba aikin aljannu bane. Ginin an ƙera shi ne can wata masana'anta, aka kwaso shi gunduwa-gunduwa a bayan kamyo, nan wurin ɗauri kawai aka yi. Injiniyoyinmu na ce mishi firefabrike.

Ga yadda ake yi. Kowane ginshiƙin ƙarfe na ginin an yanka shi daidai awo, an huda mishi ramuka, an shafa fenti an rubuta mishi lamba tun kafin ya bar masana'anta, in ya iso sai injin ɗaga kaya ya tsaida shi yara su hau su ɗaure da bulon, wato ƙusar ƙarfe da ake murɗawa da noti, wannan lamba ta gamu da waccan, haka har rufi. Akwai kuma na beto, bango sukutum ko dakali a zuba shi cikin ma'auni ya bushe can sannan a ɗauko.

Saurin daga ina yake? Aiki biyu ne ke tafiya lokaci guda. Sa'adda magina ke nan suna haƙa tushe suna zuba beto, kuma kun san beto sai ya kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinshi, su can masana'anta tuni suna ta yankan ƙarfe, babu mai jiran wani. Haka 'yan Sin suka tada asibitin gado 1000 a Wuhan cikin kwana 10 lokacin korona a 2020. A 2015 ma sun ɗaura bene mai hawa 57 a birnin Changsha cikin kwana 19, amma fa wanda ke baku labarin baya faɗa muku an yi watanni ana ƙera kayan kafin nan.

Yanzu Alhaji, kai da ke son mangazar wake ko ta riɗi, saurara da kyau, dan nan ne kuɗi ke ƙonewa. Ƙafar kowane ginshiƙi tana zama ne kan bulon da aka dasa cikin beton tushe tun yana ɗanye. In maginin ya kauce da santimita biyu ko uku, wallahi ramin ƙarfen ba zai shiga ba, kuma ba irin ginin birki bane da za'a ce ƙara laka a nan rage a can, sai dai a fasa beto ko a kira mai walda ya yi ta ƙone-ƙone, injin haya kuma yana tsaye kuɗinshi na tafiya. Kuma waɗannan bulon ɗin su ke riƙe ginin in guguwar farkon damina ta taso, kun dai san yadda take yi da rufin mutane.

Sai zafi. Watan Afirilu da Mayu nan garin muna haura digiri 40, tol zalla in ka rufa dashi ka gina tanda ne ba mangaza ba. Dan haka ake da wanda ake ce ma sanwici, tol biyu da soso ko audugar dutse a tsakani. Yana da tsada, eh, amma ni da a rage shi gara a rage girman ginin. Kakanninmu na Birni da suka yi katanga mai kauri da ƙasa sun san abinda suke gudu.

Kuɗin mota kuma kar a manta dashi, mu bamu da teku, daga Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, ƙarfe kuma nauyi gare shi, shi yasa wasu ke duba ta Kano da ta fi kusa.

In ɗan shago ne kake so kusa da kasuwar Dole, ka kira magininka da birkinshi, zai fi maka sauƙi. Amma in fili kake so mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya, wanda kamyo zai shiga ciki a sauke buhuna ya juya ya fita, to ka nemi zanen daga hannun masu ƙera ƙarfen tukunna, kafin kowa ya sa diga a ƙasa.